Hannun Hagu da Akwatin Shela

Akwatin ya riga ni shiga gidan. Ranar da anka kawo ni na iske shi a kusurwar ɗaki, bisa wani tsohon turmi da anka kifa, an lulluɓe shi da buzu. Baƙin ƙarfe ne, nauyinshi ya kai na ɗan maraƙi, gefenshi duk ƙananan ramuka kamar rariya. In ka sa ido a ramukan sai ka hangi kwalabe tsaye a ciki, manya biyu a baya, ƙanana a gaba, kamar iyaye da ɗiyansu.

Mai gidana, Allah ya ji ƙanshi, mai shela ne. Ran kasuwar Gidan Amumune shi ke faɗa wa jama'a abin da ya ɓace: jar akuya mai tsagaggen kunne, jaki mai ɗingishi, yaron da ya saki zanen uwarshi. Da baki yake yi da fari, har wani mai sayen gyaɗa da zai bar ƙasar ya bar mishi akwatin da ƙahon da murya ke fita ta ciki. Ƴan lakwal, masu karatun boko, ampili suke ce mishi. Mu akwatin shela muke cewa. Batirin babbar mota yake ci, jaki ke kai batirin Mayahi a cika shi a komo da shi.

In an kunna shi ba ya magana nan take. Sai ya fara gunji ƙasa-ƙasa kamar sa a nesa, sannan tsakiyar kwalaben ta yi ja kaɗan, irin jan garwashin da toka ta rufe. Sai sun yi ɗumi murya ke fita. Amma in ta fita, mata a bakin rijiyoyin bayan gari sukan tsai da guga su saurara.

Wata damina, da hantsi, ina daka a tsakar gida, muryar akwatin ta shaƙe. Mai gidana ya raba shi da batir, ya jawo shi waje, ya kwance bayanshi, ya sa hannu biyu a ciki. Na ji ƙara kamar an karya busasshen kara. Da na ɗaga kai sai na gan shi can jikin danga, kwance, hularshi a wani wuri. Ya tashi, amma yatsunshi biyu ba su ƙara tanƙwaruwa ba har anka sa shi a ƙasa. Abin da ya faɗa mini daga baya shi ne, akwatin yana ajiye wuta a cikinshi ko an raba shi da batir, kamar yadda randa ke riƙe ruwa bayan an bar rijiya. Bai ƙara buɗe shi ba. Ya koma shela da baki har tsufa ya karɓe muryar. Akwatin ya koma bisa turminshi ƙarƙashin buzu, ni kuwa ko shara nake yi da dogon tsintsiya nake zagaye shi.

Ɗiyana mata sun yi aure sun watse. Mazan, ɗaya yana arewa wajen nema, sai a waya nake jin shi, ɗaya ya bi ubanshi. Auta kaɗai ya rage mini wanda ke tsayawa a ƙofar ɗakina ya ce, Inna, an tashi lafiya? Ba yaro ba ne, gemunshi ya cika, matarshi da ɗiyanshi suna nan gidan tare da ni. Gyaran rediyo ya koya a Tasawa, yana da rumfa kusa da tasha, inda ƴan kabu-kabu da direbobi ke kawo mishi duk abin da ya daina magana. Jajibirin kasuwa yake zuwa gida.

Wata rana na shiga ɗaki na iske shi tsugune, buzun a hannunshi, yana leƙa ramukan.

Na ce mishi ya mayar da buzun. Ya ce mutane suna tambayarshi. Ya ce ƙananan abubuwan nan da masu tallar magani ke ratayawa a wuya suna tsaga murya kamar kukan zabo, ba wanda ke gane akuya anka ce ko tunkiya, alhali ga akwatin babanshi yana kwance. Na tuna mishi yatsun babanshi. Ya ce ai yana tune da su, shi ke ɗaure mishi maɓallin riga. Ya ce babanshi bai san abin da ke ciki ba, shi ya sani. Na dubi hannuwanshi. Wanda ya sani da wanda bai sani ba, duk fata ɗaya ce a hannunsu.

Ya fitar da akwatin gindin dogon yaro, ya shimfiɗa busasshen katako. Ya daɗe yana aune-aune, sannan ya ce manyan kwalaben biyu suna da rai, ƙananan ne sunka mutu. Ya neme su Tasawa, ya aika Maraɗi, ya sa an tambaya har ƙetaren iyaka, ba a samu ba, an daina yin su tun kafin a haife shi. Na gode wa Allah a zuciyata. Na ɗauka magana ta ƙare.

Zuwan da ya yi na gaba sai ya ciro akwatin ashana daga aljihu ya buɗe mini. Wani ɗan baƙin abu ne a ciki, bai kai farcen babban yatsa ba, da ƙafafu sirara jere a gefe. Ya ce sirkwi sunanshi, daga rediyon wata mota ya cire shi. Na ce wannan ai kaska ce. Ya yi dariya, ya ce to kaska. Tun daga ranar kowa a gidan kaska yake cewa.

Ya zare ɗaya daga manyan kwalaben ya ɗaga ta wajen rana, ya ce in matso in duba. A ciki akwai zuciya, siririya, ita ke yin ja. A kewaye da ita akwai faifan ƙarfe. Tsakaninsu kuma akwai wata raga ta waya, saƙarta ta fi ta matankaɗi ƙanƙanta. Ya ce babbar wuta kullum so take ta tsallaka daga zuciyar zuwa faifan, ragar ce tsaye a tsakani kamar mai tsaron ƙofa. In an motsa ragar kaɗan, wuta ta wuce kaɗan. In an motsa ta da yawa, ta wuce da yawa. Da can ƙananan kwalaben ke ɗauko murya daga mikiro, abin da ake kai wa baki a yi magana, su motsa ragar da ita. Yanzu kaska za ta yi wannan aikin. Ita ƙaramar wuta take ci, irin ta batir, wadda ko harshe ba ta ƙonawa, amma ita za ta ja babbar wutar ta hanci, yadda ake jan bajimi da siririyar igiya.

Na ce, in igiyar ta tsinke fa?

Ya ce ba za ta tsinke ba. Ya nuna mini wata waya da ya ce ita ke riƙe ragar a rufe kullum, ko ana magana ko ba a yi. Ya nuna mini wani abu kamar ƙwallon dabino da zai liƙa da dalma tsakanin kaska da raga, wanda ke barin murya ta wuce amma ya tare wuta kada ta komo baya. Sannan ya ce tun da na tambaya, bari ya faɗa mini. Jan zuciyar kwalba ba kome ba ne, lafiyarta ke nan. Amma ranar da na ga faifan da kanshi ya yi ja, irin jan ƙarfe a maƙera, to ƙofa ta ɓalle, sai a cire batir da gaggawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda yake aikin. Ba ya taɓa cikin akwatin sai da takalmin roba, bisa busasshen katako. Kafin kome yakan ɗauki wata waya ya taɓa kan wasu gwangwanaye da ke ciki da ita, ɗaya bakin a jikin ƙarfen akwatin. Ya ce nan ne wutar ke kwana, nan ta kwana ta jira babanshi, dole a tsiyaye ta tukuna. Kuma duk lokacin da damanshi ke ciki, hagunshi na baya, soke a ɗamarar wandonshi. Matarshi takan tsaya da ƙwarya a hannu tana mishi tsiya, ta ce ga jandarma ya zo duba takardun akwati. Shi kuma ya ce ta yi ta dariya, ranar da murya ta fito ita zai fara yi wa shela, a ce an ga mace mai gishirin miya da yawa. Da na tambaye shi dalilin hannun, sai ya bar wasa.

Ya ce, “Inna, in hannu ɗaya wuta ta kama, hannun kaɗai za ta ci. In biyu ne, ta shiga nan ta fita can. Hanyar da ke tsakanin hannu da hannu kuwa ta ƙirji take bi.”

Ranar da ya kunna shi, gunjin nan da na manta ya komo tsakar gidana. Kwalaben sunka yi ɗumi. Ya kai mikiro baki ya yi sallama, sai awaki sunka tsinke da gudu, kaji sunka haye danga. Muryar auta ce, amma kaurinta na babanshi ne. Tsofaffin unguwa sunka shigo ba sallama, wata tana share ido da gefen mayafi. Kowa na sa albarka. Ni idona na kan ramukan, ina duba wane irin ja ne a ciki.

Daga nan ya karɓi aikin babanshi. Ran kasuwa sai ya kafa akwatin a rumfa, batir da pano mai shan rana a gefe, ƙahon a ɗaure bisa reshen gawo. Ni da na daɗe da barin kasuwa sai na koma sayar da daddawa da kuka, na shimfiɗa tabarmata inda zan riƙa hangen gefen akwatin. Ya san dalili. Kasuwa bayan kasuwa abin na tafiya daidai. Har na fara iya juya baya in yi ciniki.

Sai bazara ta shigo, irin wadda ko ƙadangare ba ya taka rairayi da rana.

Akwai wani tsoho Bafillace, abokin mai gidana tun suna samari. Rugarsu na wajen Mayahi. Shekara da shekaru shi ke kawo mana nono mu ba shi hatsi, shanunshi ke kwana a gonarmu bayan girbi. Ran sunan auta shi ya riƙe ragon. Ɗiyana duka Baffa suke ce mishi, shi kuwa matar abokina yake ce mini har yau. Wata rana a bazarar nan ya zo kasuwa da ƙafa, fuskarshi a yamutse, karsanarshi ta ɓace, fara mai baƙin baki. Auta ya zaunar da shi a inuwar rumfa kusa da akwatin, ya yi shelar karsana har sau da dama, ya faɗi kamanninta da inda za a kai ta. Tsohon ya ji muryar yana ta girgiza kai, yana cewa abokina ya tashi, abokina ya tashi.

Iska mai zafi ta taso ta juya ƙahon ya fuskanci daji. Auta ya bar akwatin a kunne ya je ya hau gawon don ya gyara ɗaurin. Ni kuma wata mata ta tsaya a kaina tana shinshina daddawa tana cewa ta kwana biyu.

Abin da ya faru a bayana daga baya anka faɗa mini. Tsohon ya ɗora tafin hannu bisa akwatin ya ji kamar tukunya a murhu. Yana da bidon ruwanshi, naɗe da jiƙaƙƙen buhu, yadda kowa ke yi a ƙasarmu don ruwa ya yi sanyi. Mu nan duk abin da zafi ya dama haka ake yi mishi, ko tulu ne, ko ɗan rago, ko mai zazzaɓi. Ya kwance buhun, ya ƙara tsiyaya mishi ruwa, ya shimfiɗa shi bisa akwatin abokinshi, har da soke gefe-gefe don kada iska ta ɗauke.

Sauti ne ya juyo da ni. Ƙahon ya saki wani nishi mai kauri, kamar sa da anka kayar za a yanka. Na ga buhu yana ɗiga yana tururi. Ta ramukan da bai rufe ba na hangi ja, ba na zuciya ba, faifan ne gaba ɗaya.

Na kira auta da wata murya da ban san ina da ita ba. Ya diro daga gawon ya fizge wayar batir. Nishin ya mutu. Kasuwa ta yi tsit a wajenmu, sannan mutane sunka fara taruwa. Auta ya sa sanda ya ɗage buhun ya yar. Wari ya tashi kamar na ƙonannen gashi da roba. Ƙasa duk ta jiƙe a gindin akwatin, katakon ma ya sha ruwa. Wasu na cewa ai an kashe shi, ba sauran haɗari. Ni na san ba a kashe shi ba.

Auta ya ciro turnabis, abin kwance kusa, ya kwance bayan. Na ga ya kai hagunshi baya ya soke a ɗamara, sai na saki numfashi. Ya ɗauki wayar tsiyaye wuta da dama, ya zura hannun ciki yana neman kan gwangwanin.

A lokacin ne tsohon ya gane, daga gunagunin mutane, cewa shi ya yi ɓarnar. Ya cire malafarshi. Ya tuɓe takalmi. Ya zo gaban auta ya durƙusa a jiƙaƙƙen rairayin nan, gwiwa biyu, farin gemunshi na rawa.

Ya ce, “Ɗana, ka yafe mini. Na ga zafi ya dame shi ne.”

Ku da kuka san ƙasarmu, ku faɗa mini. Wane ɗa ne zai bar abokin ubanshi, wanda ya riƙe ragon sunanshi, durƙushe a gabanshi cikin kasuwa, shi kuwa hannu a baya kamar mai hukunci? Ina kallo hagun ta fito daga ɗamara. Ba tunani ne ya fito da ita ba. Na buɗe baki, ban kai ga magana ba.

Ya ce, “Haba Baffa, tashi,” ya kama jiƙaƙƙen damtsen tsohon.

Ƙarar karyewar karan nan ce. Ita ce dai, ba ta tsufa ba.

Tsohon ya faɗi zaune yana riƙe da kafaɗa. Auta ya tafi da baya ya bugi ginshiƙin rumfa ya kwanta, ido buɗe, baki buɗe, ba numfashi. Wani ya taho da buta zai watsa mishi ruwa, na tare shi da jikina, na ce ruwa ya isa haka. Na durƙusa na sa tafina a ƙirjinshi. Abin da na ji a ciki ba bugun zuciya ba ne, kamar tsuntsu ne da ya faɗa cikin rumbu yana bugun bango ko ta ina. Ina kiran sunan Allah, ina kiran nashi. Ban san tsawon lokacin ba, kuma ba na son in sani. Can sai ƙirjin ya ɗaga, ya ja iska da ƙara kamar guga ya fito daga rijiya.

Anka ɗora shi bisa kabu-kabu, mutum gaba mutum baya, anka kai shi likita. Majo, babban mai duba marasa lafiya a wurin, ya ce zuciyar ta yi tuntuɓe ne ta tashi, kuma ba kullum take tashi ba. A kan manuninshi na dama akwai wani ɗan farin tabo kamar ƙwayar gero. Har yau wurin ba ya jin zafi ba ya jin sanyi.

Da ya samu ƙarfi ya duba akwatin. Kaska ta fashe, rami a bayanta. Ɗaya daga manyan kwalaben ta tsage, cikinta ya yi fari kamar idon makaho. Na ce mishi akwai tsohuwar rijiya a bayan gari da ake zuba shara, a kai shi can. Ya mayar da shi bisa turminshi.

Karsanar kuwa an gan ta. Wani mai itace can nesa da gari ya ji shelar kafin akwatin ya mutu, ya gane ta a cikin wasu shanu, ya koro ta. Tsohon ya zo gida da ƙwaryar nono ya tsaya a zaure, ya ƙi shigowa. Auta ya fita ya riƙe hannunshi da hannu biyu sun daɗe. Da ya komo ciki na ga fuskarshi, na san maganar rijiya ta mutu.

Bayan damina ya zo da akwatin ashana a aljihu, da wata kwalba naɗe cikin tsumma, wadda ya samo wajen wani tsohon mai gyara a Tasawa. Ban roƙe shi ba. Na roƙi babanshi a zamaninshi, na san iyakar roƙo. Da ya shimfiɗa katako gindin dogon yaro sai na jawo kujerata na zauna kusa. Na ce ya ba ni hagun in riƙe mishi. Ya ce in na riƙe, mu biyu za ta ɗauka. Sai na kwance ɗankwalina, na ce to ya juyo. Na ɗaure wuyan hannun a ɗamararshi ta baya, ɗaurin da nake yi wa akuya mai tsinke igiya. Ya ja, bai kwance ba. Ya so ya yi dariya, ya dubi fuskata ya fasa.

Haka muke yi yanzu. Akwatin ya koma kasuwa, da rufin langa-langa a samanshi, kuma ba wanda ke zama kusa da shi da ruwa. Amma duk ranar da za a kwance bayanshi, a gida ko a rumfa, sai an kira ni. In babba ya zo gaisuwa yana cikin aiki, da baki kaɗai yake amsawa, kanshi a sunkuye don kunya. Wanda bai sani ba yakan ɓata rai, sai in ce mishi ni na ɗaure, da ni za a yi fushi.

Yatsuna sun fara ƙin ƙulli, da sanyin safiya ba sa haɗuwa. Na fara koya wa matarshi. Tana da hankali, amma tana tausayinshi, sai ta bar ɗaurin sako-sako don kada ya ci mishi fata. Nakan sa yatsa a ƙarƙashi, in ya shiga in ce ta kwance ta sake. Takan ce, Inna, ai ya isa. In ce bai isa ba.

Ran kasuwa da yamma ana maido akwatin kusurwar ɗakina, bisa turminshi. Sai ya huce nake rufa mishi buzu. In na ɗora hannu a kan buzun ina jin sauran ɗumi yana fitowa, kamar na dabbar da ta kwanta ba ta yi barci ba.